Zaɓin Farko da Kawu Ya Ajiye

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Abin da aka yi ta turowa ke nan a waya ranar da Kawu ya cika, saƙo kan saƙo, har na gaji na kife wayar a kan katifa. Ba a yi zaman makoki ba, domin gari a kulle yake saboda annoba. Mutum huɗu aka yarda su raka shi maƙabarta, su ma daga nesa suka tsaya. Wasu ma'aikata cikin fararen kayan roba, waɗanda ba su taɓa jin muryarsa ba, su suka sa shi a makwancinsa. Ba na cikin huɗun. Ba wanda ya hana ni zuwa, ba kuma wanda ya kira ni.

Kowa da irin kukansa. Golan ƙungiyarsa ta ƙwallo ya turo saƙon murya mai tsawo, ba abin da ake ji a ciki sai jan hanci, sai can ƙarshe ya ce, "Baba ya tafi, jama'a," kamar mu ba mu sani ba. Mai shagon mamak na Sri Petaling, wato gidan shayi da abinci, inda Kawu ya yi shekaru yana karin kumallo, ya aiko a tambaya ko da gaske tsohon nan ne ya rasu, wanda ke cewa a kawo masa shayi ba sukari sannan ya zuba cokali uku da hannunsa. Sakataren gasarmu, wani Ibo da suka yi shekara da shekaru suna sa-in-sa da Kawu a kan dokoki, layi ɗaya ya rubuta: "Oga don go. Who go fight me for meeting now?" Na tabbata yana hawaye ya rubuta shi.

Inna ta kira daga Kano da yamma. Kawu ƙaninta ne, ita ta goya shi. Ta yi masa addu'a mai tsawo ina cewa amin, na kuwa san abin da ke tafe.

"Kun shirya kafin ya tafi?"

"Inna, layin ba kyau, ba na jin ki sosai."

"Layi lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Allah ya ba mu haƙuri." Ta kashe wayarta.

Ba mu shirya ba. Shekara biyu da 'yan watanni ban yi wa Kawu magana ba, alhali tsakanin ɗakina a Sentul da gidansa tafiyar jirgin ƙasa ɗaya ce, ko sauyi babu. Na faɗa masa magana mai nauyi a gaban mutane, ban je na ba shi haƙuri ba, ya mutu. Abin da ya hana ni sakewa ke nan tun daga ranar: ban san ko ya yafe mini ba, kuma wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma in faɗi yadda amsar ta zo mini.

Ƙwallo ce ta kawo Kawu ƙasar nan tun ina rarrafe. Ɗan baya ne, ya buga wa wata ƙungiya a ɗaya daga cikin jihohinsu har gwiwarsa ta ce ta gaji. Bai koma gida ba. Ya kama wani ɗan ofis a saman bene a Bukit Bintang yana aika wa ɗalibai kayansu Najeriya, ya ɗauko matarsa Anti daga Kano, ya zauna. Malayancinsa kuwa Kananci ne tsantsa da aka sa wa "lah" a wutsiya, amma ban taɓa ganin wanda bai fahimce shi ba. Wandon tirenin yake sawa da hular zanna. Kullum da usur a wuyansa, ban taɓa jin ya busa shi ba, in an tambaye shi sai ya ce usur na rafali ne, shi murya gare shi. Yana zuwa fili da kujerar naɗewa yana ɗingishi da ita tun daga mota, ya buɗe ta, ya ɗora fulas ɗinsa a kai, shi kuma ya tsaya har a tashi wasa.

Shi ya kawo ni karatu. Karatun ya kama gabansa, na kama nawa. Da ya ga haka bai yi wa Inna ƙarya ba, bai kuma kora ni gida ba. Ya samo mini aiki a wani otal, ya ba ni jesi mai lamba tara. Bai taɓa kiran sunana ba, Ɗan Yaya yake ce mini, ko a tsakiyar fili.

Gasar tamu ta baƙin Afirka ce, ƙungiyoyi takwas. Da farko wasan ƙarshen mako ne kawai, daga baya 'yan kasuwa suka shigo, aka fara ba 'yan wasa alawus. Wata shekara wani mai kuɗi ya kwashe duk wanda ya iya ƙwallo ya tara a ƙungiyarsa, ya yi ta lallasa kowa har 'yan kallo suka daina zuwa. A nan ne Kawu ya zaunar da Sakatare a teburin mamak suka rubuta dokoki, shayi na hucewa suna ta musu. Manyan dokokin biyu ne. Ta farko muna ce mata silin: akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta raba wa 'yan wasanta a kaka ɗaya, komai arzikin mai ita ba zai fasa silin ba. Ta biyu zaɓen sababbi. Duk shekara a tara sababbin zuwa a wani fili a Sentul, su buga a gani, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a tebur ita ke fara zaɓa. Kuma don kada a yi ciniki a bakin fili, mai zaɓin farko zai rubuta sunan wanda yake so, ya manne ambulan, ya ba Sakatare tun kafin ranar. Akwai ƙananan dokoki a ƙasa: sabo mafi ƙarancin alawus yake karɓa, wanda ya shekara biyu ba shi da ƙungiya shi ma sabo ne, da sauransu. Ni ban taɓa karanta su ba. Ina cin ƙwallo ana tafa mini, me ya haɗa ni da takarda?

Ranar gwaji, sauran masu ƙungiya mai yanka suke bi da ido, wanda zai wuce mutum uku ya sa a yi ihu. Kawu bayan ƙwallo yake kallo. In yaro ya zubar da ita, sai ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Wa ya dawo?" Tambayarsa ke nan a gwaji, a atisaye, a hutun rabin lokaci. Ba ya tambayar wa ya ci, ba ya tambayar wa ya yi kuskure. Golan nan mai jan hanci, biyar aka zura masa ranar gwajinsa, kowa yana dariya. Kawu ya ɗauke shi, ya ce sau biyar yaron ya shiga raga da gudu ya ɗauko ƙwallo, bai zagi ɗan baya ko ɗaya ba. Wata uku yana kwana a falon Kawu kafin ya sami ɗaki, Anti na ciyar da shi, har yau kuwa shi ne ginshiƙin ƙungiyar.

Ni ba na dawowa. Gara in faɗi gaskiya tunda mamaci nake wa rubutu. In na zubar da ƙwallo sai in ɗaga hannu ina harar wanda bai ba ni da wuri ba, in taka a hankali ina gyara safa. Shekara takwas Kawu yana haƙuri da ni saboda ina ci, da na haura talatin cin ya ragu, takun bai sauya ba. Ni ne kyaftin, ni ne mafi tsada, mu uku muka cinye fiye da rabin abin da silin ya ba mu. Ƙungiyar kuwa kullum ta huɗu ko ta biyar. Ba abin da Kawu ya tsana kamar tsakiyar tebur. Yakan ce na tsakiya shi ne wahalalle, bai ga kofi ba, bai ga zaɓi ba.

Wata Asabar da safe bayan atisaye muka zauna a mamak kamar kullum, yara sun cika tebur biyu. Kawu ya ja ni gefe, amma ba nisan da ba za a ji ba.

"Ɗan Yaya, zan rushe ƙungiyar nan in sake gina ta."

"To, Kawu. Wa za a sallama?"

"Manyan biyu sun tafi, na riga na gaya musu. Bana za mu sha kashi, na sani. Mu zo na ƙarshe, mu sami zaɓin farko, ga kuma wuri a ƙarƙashin silin. Baɗi mu ɗauko yara uku masu jini a jika. Shekara biyu, za ka ga ƙungiya."

"Ni fa?"

"Kai ina so ka zauna. Amma ba a gaba ba. Ka dawo baya, lamba biyar, inda na buga. Kana da ido, kana da kai, ƙafar ce ta fara nauyi. Alawus kuma rabi."

Na ji kamar ya watsa mini shayin a fuska. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ni lamba tara ne, ba a haife ni don in bi bayan yara ina share musu fili ba. Ya ce in zauna mu yi magana. Ban zauna ba. Na ce ƙwallo ta bar shi tun ina yaro, shi ya sa yake so kowa ya ƙare kamar yadda ya ƙare. Na ce ya sayar da ɗan Yayarsa saboda wasu yara da bai ma san kamanninsu ba. Sannan na faɗi wadda har yau nake jin ta a kunnena.

"Daga yau ba ni da kawu a ƙasar nan."

Har mai soya roti, wainar fulawarsu, ya tsaya. Kawu ya ci gaba da juya cokali a kofinsa. Bai ɗago ba. Ya ce, "To." Na fita. Daga baya aka gaya mini har rotin da na bari ya sa aka ƙulle mini a leda, abin da suke ce wa tapau, ba wanda ya yi ƙarfin halin kawo mini.

Na zaci ƙungiyoyi za su yi rububi a kaina. Kowa na je sai ya ce silinsa ya cika. Mutum ɗaya ya yi mini tayin daidai rabin da Kawu ya yi, na ƙi, na ce sai baɗi. Haka na zauna ba ƙungiya.

Kakar nan yaran Kawu sun sha duka kamar yadda ya faɗa, har ma fiye. Ina zuwa kallo a ɓoye, in tsaya bayan wayar shinge a tsallaken titi, kuma in an ci su ina jin daɗi. Allah ya yafe mini. Akwai ranar da aka zura musu bakwai cikin ruwan sama, aka tashi, kowa ya watse da gudu. Kawu ya naɗe kujerarsa, ya rataya fulas, ya taho yana ɗingishi a cikin taɓo, hularsa ta jiƙe sharkaf. Ta gabana ya wuce, taku goma bai kai ba. Ya gan ni, na gan shi. Da na miƙa hannu na karɓi kujerar nan, da magana ta ƙare a ranar. Na sunkuya ina duba wayata har ya shige mota.

Suka zo na takwas cikin takwas. Ranar wasan ƙarshe Kawu ya saya wa yara shinkafa da kaza kamar sun ɗauki kofi. Ya riga ya ga wani yaro ɗan tsakiya daga Jos, an ce da ya gan shi a wasan unguwa har fulas ɗinsa ya manta a fili. Ya rubuta sunansa, ya manne ambulan, ya kai wa Sakatare. Saura mako ɗaya a yi zaɓe aka kulle ƙasar.

Wanda bai zauna a garin nan lokacin ba ba zai gane gajiyar ba. A ce mako biyu, a ƙara biyu, a sassauta, a sake kullewa. Aka ɗaure ƙofar filin Sentul da jan zare, ciyawa ta kai gwiwa. Ɗalibai suka daina shigowa. Yaron Jos ya hau jirgin da ya kwashe mutane zuwa gida, bai sake dawowa ba. Kawu ya zauna da zaɓin farko a hannu, ya biya shi da shekara guda ta wulaƙanci, ga shi ba wanda za a zaɓa. Sakatare ya ce duk wata sai Kawu ya kira shi, ba gaisuwa ba komai: "Zaɓina yana nan?" Shi kuma ya ce yana nan, Oga, ba inda zai je. Abin da Kawu ya tanada don ɗauko sababbin yara, a cikin tsofaffin ya ƙare. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, sai ya cika but ɗin motarsa da shinkafa da mai da ƙwai, ya bi gidajen yaransa yana rataya musu a ƙofa, ya buga sau ɗaya ya juya. Duk da haka wasu suka koma gida, wasu suka shiga aikin kai saƙo a babur. Ƙungiyar da ya ce zai gina ta yi ta zubewa a hannunsa.

Ni ma otal ya sallame mu. Ina zaune a ɗaki ina ƙiba da baƙin ciki, sai wata Juma'a na ji an ƙwanƙwasa. Na buɗe, ba kowa, sai leda a rataye: tuwon shinkafa da miyar kuka, da zafinsa. Juma'a mai zuwa ma haka. Na ce a raina Kawu ne, hanyarsa ke nan, ba ya iya magana sai da abinci. Na ci, na wanke robar, na ce zan kira shi da Sallah. Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ta wuce, wata ƙaramar ta sake zagayowa. Kullum ina da dalili. Da na ji an kwantar da shi a asibiti an sa masa iska, na rubuta "Kawu, ya jiki?" na goge, na sake rubutawa, na goge. A rana ta uku na tura. Bai buɗe ba. Har yau saƙon yana nan yadda na tura shi.

Sai da aka sassauta kulle na sami zuwa Sri Petaling yi wa Anti ta'aziyya. Ban shiga ba, a bakin ƙofar ƙarfe na durƙusa da takunkumi a fuska, ita tana ciki a kan darduma cikin takaba. Kujerar naɗewar tana jingine a bayan ƙofa.

"Anti, ya haƙuri?"

"Da godiya. Ka zo."

"Na zo, Anti. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta."

Ta ce amin. Na ce ina so in yi godiyar abincin da Kawu ya riƙa kawo mini duk Juma'a, ban samu na gode masa ba.

"Ni nake aikawa," in ji ta. "Mai babur nake ba wa. Shi bai sani ba, ko kuma ya sani bai nuna ba."

Abin da na jingina da shi shekara guda ke nan, ta zare shi da magana ɗaya. Na tambaye ta ko ya taɓa ambatona.

"Ina cikin takaba, ba zan yi maka ƙarya ba. Tun ranar da ya dawo daga mamak ɗin nan ban ji ka a bakinsa ba. In na kawo zancenka sai ya tashi ya fita baranda. A asibiti kuwa ba a bar ni na gan shi ba, balle in ji abin da ya ce."

Ta bar ni na yi kukana, ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma ƙara mini ba. Da na lafa ta ce akwai aikin da za ta sa ni. An buɗe filaye, an sa ranar zaɓe, kuma doka ta ce sai wani na mai ƙungiya ya tsaya a wurin kafin a buɗe ambulan. Ita ba ta fita, namiji kuma ba su da shi a ƙasar nan sai ni. Ta turo mini wata baƙar leda a ƙulle ta ƙasan ƙofa.

"Jesin wanda aka zaɓa ce. Shi ya ƙulle ta da hannunsa kafin a tafi da shi. Ya ce kada a buɗe sai an kira suna. Ka ɗauki kujerar ma, ganin ta yana dame ni."

Ranar Asabar ce da safe. An yanke ciyawar filin rabi da rabi, ragar ta yage a kusurwa. Sababbin da suka zo ba su kai ƙungiya ɗaya ba, sai da aka cika da tsofaffi kafin a yi wasan gwaji. Yaran Kawu da suka rage suna tsaye a gefe guda, na gaishe su suka amsa a taƙaice, ban ga laifinsu ba. Na buɗe kujerar na ajiye ledar a kai. Sakatare ya zo ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce in sunan da ke cikin ambulan na wanda ba ya nan ne, ni zan zaɓa a madadin Kawu. Na san kuwa haka za a yi, tunda Kawu bai ga ko ɗaya daga cikin yaran nan ba.

Don haka na tsaya na kalli wasan da gaske. Can na kama kaina ban bi ƙwallo ba, bayanta nake kallo. Akwai wani dogo ɗan Gambiya, sau huɗu yana zubar da ita, sau huɗu yana juyowa da gudu har sai ya ƙwato ta. Na ce a raina ga na Kawu nan, shi zan kira.

Aka tashi, aka yi da'ira. Sakatare ya ciro ambulan ya ɗaga kowa ya ga ba a taɓa shi ba. Ya ce wannan ne na uku da Kawu ya aiko, duk lokacin da aka ɗaga zaɓe sai ya karɓi tsohon ya kawo sabo. Wannan na ƙarshen mai babur ne ya kawo shi. "That day he call me, he dey cough well well," in ji shi. Ya yage bakin ambulan ɗin, ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya buɗe jerin sunayen da ke hannunsa ya bi da yatsa har ƙasa. Sannan ya karanta sunana, har da na mahaifina.

Ban motsa ba, na zaci kira na yake in zo in zaɓa. Sai hayaniya ta tashi. Wani mai ƙungiya, Bakano ɗan'uwanmu, ya ce, "Haba Sakatare! Wannan ai ba sabo ba ne, tsohon gari ne. Ku dubi cikinsa, don Allah!" Sakatare ya ɗaga takardar dokoki yana dariya, hawaye na bin kuncinsa. "Two years no club, na new player. Na him write this law, for my front." Ya ƙara da cewa a tuna, sabo mafi ƙarancin alawus yake karɓa.

Gola ne ya fara fashewa da dariya. "Wallahi Baba bai mutu da wasa ba! Ya ce rabi ka ƙi, ga shi ya dawo da kai a farashin sabo." Sauran suka ɗauka, wasu na dariya wasu na share ido.

Ni dariyar ba ta zo mini ba. Na tuna ranar ƙwallo bakwai, da taɓon nan, da duk watan da ya kira yana tambayar zaɓinsa. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ɗan wasa don tausayi ba, yana tari, ya san abin da ya kama shi, ya zauna ya rubuta sunan mai shekara talatin da biyar da tumbi. Doka ta ba wanda aka kira dama ya karɓa ko ya ƙi. Na juya wurin Gola.

"Ku kuka sha dukan shekarar nan, ba ni ba. Ga yaron can dogo, kun ga yadda yake dawowa. In na ƙi..."

"Mu ba mu muka zaɓa ba, Yaya," in ji shi. "Buɗe ledar kawai."

Ƙullin Kawu ne, sai da na sa haƙori. Jesin sabuwa ce, da ƙamshin kanti a jikinta. Na warware ta na juya bayanta. Lamba biyar.

Na zura kaina a ciki, na daɗe ban fito da shi ba. Da na fito, jesin ta tsaya a cibiya ta ƙi sauka, aka sake kwashewa da dariya, na bar ta a haka.

Da yamma na kira Inna.

"Inna, ranar nan kin yi mini wata tambaya, na ce layi ba kyau."

"Ina ji."

"Shi ya shirya da ni. Ni ne na makara."

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke da gaske. Sannan ta ce halinsa ke nan tun yana yaro, in ya yi fushi ba ya magana, in ya huce ma ba ya magana, sai dai mutum ya tarar an ajiye masa abu. Ta ce in riƙa yi masa addu'a bayan kowace salla, na ce ina yi.

Ƙungiyar da ke bin mu a zaɓe ita ta ɗauki dogon nan. A haɗuwarmu ta farko biyu ya ci mu, duka biyun ta gefena ya wuce. Har yanzu muna ƙasan tebur, kuma ban san ko ginin da Kawu ya fara zai taɓa tashi ba. Gwiwata na kumbura duk Lahadi, na gaji, yaran ma sun gaji. Ya Allah, ga bawanKa nan da ya ciyar da 'ya'yan mutane a baƙuwar ƙasa, aka binne shi ba tare da hannun nasa ya taɓa shi ba. Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa kamar yadda ya yafe ba a roƙe shi ba, Ka ba Anti da Inna juriyar rashinsa.

Duk Asabar ni ke ɗauko kujerar daga mota, in buɗe ta a bakin fili, in ɗora fulas ɗinsa, ba mai zama a kai. Sannan in shiga in tsaya a baya. In na zubar da ƙwallo ba na ɗaga hannu, ba na gyara safa. Ba ni da sauri, Kawu, kai ma ka faɗa. Amma ina dawowa.